MUMMUNAN KEKE DA HUKUNCIN MAHAYA A ƘASAR DAURA

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Mai'aduwa ranar Lahadi da hantsi, watau ranar da kasuwar garin ta ke ci, zai ga abin hawa iri iri suna wucewa: manyan motocin dabbobi, da ƙananan motocin fasinja, da babura, da amalanke, da jakuna. A can gefen kwalta kuwa, inda rairayi ya fara, nan ne rabon masu keke. To, a cikinsu akwai waɗansu kekuna waɗanda in da Baturen da ya ƙera su zai tashi daga kabari a nuna masa, sai ya rantse bai taɓa ganinsu ba.

Ga wani an cire masa kariyar da ya zo da ita, an kai shi wurin mai walda ya ƙera masa wata da rodin gini, faɗinta ya kusa kai na ƙyauren ɗaki. Ga wani ƙafarsa ta gaba daban, ta baya daban, ɗaya daga tsohon Raleigh, ɗaya daga keken gwanjo, har in ya tsaya sai ka ga ya duƙa kamar raƙumi zai gurfana. Sirdin wani ya mutu tun tuni, an naɗe ƙarfen da tsumma, an rufa da guntun buzu, an ɗaure da robar tsohon tub. Fedar wani saura tsinken ƙarfe kaɗai, ya yi sumul sabo da gugar tafin ƙafa, wani kuwa an sassaƙa masa ta itace. Inda taya ta yage an naɗe wurin da roba, sai ƙafar ta yi ƙulli kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo, ko wace juyawa ta yi sai ta ɗaga mahayi ta sauke shi. Fenti kuwa ba a ma maganarsa.

Irin waɗannan kekuna su ne abin ba'a a majalisar masu gyara, da ƙofar makaranta, da tashar mota. A kan ce da su akwala, ko ƙwaraɓaɓɓe, a tambayi mai shi ko a bola ya tsince shi. Shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya wuce da jarkokinsa. Abin da mu ke so mu bincika a nan shi ne, da wace irin ma'auni mahaya su ke auna kyan keke da muninsa, kuma a ina dariyarsu ta ke da hujja, a ina ba ta da ita. Maganar ba ta wasa ba ce kamar yadda a ke zato, domin akwai abincin gidaje da yawa a bisa waɗannan ƙarafa, akwai kuma rayuka.

ZAMANIN BASUKUR

Idon da dattawan ƙasar Daura su ke duban keke da shi tsohon ido ne. A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 har zuwa 1966, abin nan da a ke kira basukur ya samu gindin zama a ƙasar. Ma'aikatan En'e su ne kan gaba wajen hawansa, malaman makaranta da malaman gona da duba-gari da masinjoji, a kan ba ma'aikaci rance ya saya, a riƙa cirewa daga albashinsa wata wata. Manomi kuma in gyaɗa ta yi albarka, aka auna aka biya shi, babban burinsa ya sauka Kano ya shiga kanti ya fito da sabon basukur. Ran da ya komo ƙauye da shi, ranar kallo ce.

Kekunan wannan lokaci daga Ingila a ke kawo su, irin su Raleigh, da Hercules, da Phillips, da Rudge, kuma kusan duk kamanninsu ɗaya: baƙi wuluk, da siririn zane mai ruwan zinariya, ƙafa mai inci 28, birkin sanda, sirdin fata a bisa sifirin, sarƙa a rufe cikin gidanta, da famfo maƙale a jiki. Raleigh, wanda a ke ƙerawa a birnin Nottingham, shi ne sarkinsu. Alamarsa kan zalɓe ce a goshin keken, kuma masu shekaru ba su manta da tallarsa ba, wadda a ke nuna mutum bisa keke yana dariya, zaki na bin sa a guje ya kasa cim masa. Daga baya har masana'antar Raleigh aka kafa a Bompai ta Kano. Mutum ya kan bar takardar da aka naɗe sandunan keken da ita wata da watanni bai kware ba, don kada fenti ya ƙarce. Da Juma'a ya wanke shi, ya goge wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga wa sarƙa mai.

Hukuma ita ma ba ta bar abin kara zube ba. Sai mutum ya yanki lasin a En'e, an ba shi lamba ya maƙala, kuma ɗan doka ya kan kama wanda ya hau da dare ba fitila, ko wanda ya yi goyo, ya kai shi gaban alƙali. Sabo da haka wanda ya tashi a wannan zamani, in ya ce keke, to, wancan baƙin basukur ya ke nufi, cikakke ba ragi ba ƙari. Duk abin da ya saɓa masa, a wurinsa ɓarna ce.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan tsufa. Daura ƙasar doki ce, wanda ya taɓa ganin hawan Salla ko hawan Gani a ƙofar fada ya san haka. Mutanen da su ka saba duban doki tun daga kofato har zuwa tsayuwar wuya, su ka san bambancin ingarma da ƙuru, su ka san inda jalala ta dace da inda ɗan ƙirji ya zauna daidai, ba su canza ido ba da ƙarfe ya zo. Har sunan sirdi daga doki aka aro shi aka ba keke. Kamar yadda a ke raina mai hawan doki da ragama ba linzami, haka a ke raina mai keke ba ƙararrawa.

YADDA MASANA SU KE DUBAWA

Amma fa dariyar 'yan kallo daban, hukuncin masu abin daban. Ka kai keke wurin tsohon mai gyara a gindin bishiya ka ce ya duba maka za ka saya, za ka ga ko kallon fenti bai yi ba. Da farko zai ɗaga ƙafar baya ya murza feda, ya saki, ya karkata kunne. In boris ɗin cibiya lafiyayyu ne, ƙafar za ta daɗe tana juyawa da ɗan sauti siriri. In sun cinye, zai ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Yana saurare yana kuma duban rim yadda ya ke wucewa tsakanin robobin birki, ko yana tafiya sak, ko yana lilo hagu da dama. Sa'an nan ya matsa wayoyin ƙafa bibbiyu da yatsunsa. Kekunan Ingila na da, wayoyi 32 ne a ƙafar gaba, 40 a ta baya, domin baya ce ta ke ɗaukar nauyi, kuma ƙarfin ƙafar duk a ɗaurin wayoyin ya ke. In biyu ko uku su ka tsinke aka ƙyale su, nauyinsu sai ya koma kan maƙwabtansu, su ma su bi sahu.

Daga nan sai ya koma bayan keken ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita ƙafar baya da ta gaba kamar maharbi. In ba su hau layi ɗaya ba, keken ya taɓa yin karo ko ya sha lodin da ya fi ƙarfinsa. Zai shafa gwafar nan da ta riƙe ƙafar gaba, ya ga ko ta lanƙwashe ta koma baya, ya kuma shafa ƙarƙashin sanduna kusa da wuya, domin a nan ƙarfe ya ke tattarewa in an yi karo, ko da an shafe wurin da sabon fenti yatsa zai ji. Ƙarshe ya hau ya ɗan taka, ya saki kan. Keken da ya ke daidai zai miƙe shi kaɗai, wanda ya karkace kuwa zai riƙa ja gefe guda kamar jaki ya hango gida.

A wannan jarrabawa sau da yawa akwalar mai ɗaukar ruwa ta kan ci, sabon keke mai walƙiya ya faɗi. Dalili kuwa a fili ya ke. Mai lodi da kekensa ya ke ci, in ƙafa ta karkace masa a tsakanin Zango da Baure ranar ta lalace, don haka ba ya wasa da boris da sarƙa da ɗaurin waya, abin da ido ke gani ne kawai ya bari. Yawancin abubuwan nan da a ke yi wa dariya, in an bi su, ko wanne da dalilinsa. Tsohuwar taya da a ke yankewa a cusa cikin sabuwa kafin a sa tub, maganin tsidau ce da ƙayar aduwa, waɗanda su ka cika hanyoyin gona. Wayoyi masu kauri irin na babur da a ke ɗaura wa ƙafar baya, don kada ta narke a ƙarƙashin buhu ne. Sanda ta biyu da a ke ƙarawa a ƙarƙashin ta sama ma ba ƙirƙirar masu walda ba ce, kamfanoni da kansu sun daɗe suna ƙera keke mai sanda biyu sabo da ƙasashen da a ke lodi. Mai shi dai ya ga abin da ya ke bukata, ba shi da kuɗin saye, ya yi da abin da ya samu. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Samari su kuma nasu munin na ganganci ne. Yaro zai samu keken gwanjo, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Turai da Jafan, ya ɗaga sirdi har ƙafarsa da ƙyar ta ke taɓa feda, ya juyar da kan keken ƙaho ya kalli sama, ya cire marufin taya gaba da baya. Wani ya jera madubi huɗu ko shida, ya naɗe sanduna da roba mai launi, ya saƙa zare a cikin wayoyi, ya rataya tuntaye a hannuwa, ya ɗaura ham ɗin babur da batir, da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, da ɗan akwatin kiɗa, a baya kuma ya rataya guntun roba da rubutun habaici. Da Salla sai su fito ayari ayari a bayan dawaki. Dattijo in ya gani sai ya kau da kai, ya ce an mai da abin hawa ɗakin amarya. Su kuwa a tsakaninsu suna da nasu alƙalanci mai tsanani: wanda ya kwaikwayi adon wani an raina shi, wanda adonsa ya hana shi gudu an yi masa dariya, a ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Mai lodi yana ganin yaron nan ɗan wasa ne, yaron yana ganin mai lodi baƙauye ne, mai tsohon Raleigh kuma yana ganin su duka biyu sun ci mutuncin keke. Mai gyara ne kaɗai ba ya ce wa kowa kome, tun da duk wurinsa za su zo.

MASU DARIYA SUN SHA JIN KUNYA

Ya kamata mai karatu ya sani, shi kansa baƙin basukur da dattawa su ke yi wa kirari, da ba'a aka tarbe shi. Na farko da wani Bajamushe, Karl von Drais, ya fito da shi a 1817 na katako ne, ba shi da feda, da ƙafa a ke tura shi a ƙasa. Wajen 1870 zuwa 1885 abin da a ke yayi a Ingila shi ne keke mai ƙatuwar ƙafar gaba, wadda tsawonta ya kan kai ƙirjin mutum, da 'yar mitsitsiyar ƙafa a baya, har Turawa su ka yi masa laƙabi da sunan kwabo da ƙaramin kuɗin da ke ƙasa da shi. Mahayi yana can sama, in ƙafar ta ci karo da dutse sai ya wuntsila ta ka. Da John Kemp Starley na birnin Coventry ya fito da mai ƙafafu kusan daidai da juna, mai sarƙa, a 1885, gwanayen dogon keke sai su ka raina shi, su ka ɗauke shi abin hawan tsofaffi da matsorata. Ba a yi shekara goma ba nasu ya zama abin ajiyewa a gidan tarihi.

Tayar iska ma haka. John Boyd Dunlop likitan dabbobi ne a Belfast, a 1888 ya naɗa wa keken ɗansa robar da a ke hura wa iska. Da wani mahayi, Willie Hume, ya shigo filin tsere da irin wannan taya mai kumburi a 1889, 'yan kallo dariya su ka yi, shi kuwa ya cinye tseren duka da ya shiga a ranar.

Akwai ƙungiyar da ta ke shugabancin tseren keke na duniya, a na kiranta UCI, an kafa ta a 1900, ita ce babbar majalisar masu hukunci. A 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau wani keke na kishingiɗe, mahayi yana kwance rigingine ƙafafunsa a gaba, ya yi tafiyar kilomita 45.055 cikin sa'a ɗaya, ya shafe bajintar Oscar Egg ta kilomita 44.247 wadda ta tsaya tun 1914. Sai ƙungiyar ta zauna a 1934 ta sake fassara abin da a ke nufi da keke, ta fitar da irin nasa daga gasa. Bayan shekara 60, a 1993, wani mutumin Sikotilan, Graeme Obree, ya haɗa keke da hannunsa, har da boris da ya cire daga injin wankin tufafi na gidansa, ya hau shi a duƙunƙune, hannuwa a naɗe ƙarƙashin ƙirji, ya yi kilomita 51.596 cikin sa'a ɗaya a ƙasar Norwe, ya wuce kowa a duniya. A 1994 aka haramta irin wannan zama. Da an kawo keken Obree gindin bishiya a Daura, da ba a rasa mai tambayarsa a wace bola ya tsince shi ba.

Amma labarin da ya fi kusa da masu lodinmu shi ne na ƙasar Biyetnam. A ƙarshen 1953 sojojin Faransa su ka kafa sansani a kwarin Dien Bien Phu, suna ganin abokan gabansu ba su da hanyar kawo abinci da harsashi ta cikin duwatsu da kurmi. Mutanen ƙasar kuwa sai su ka ɗauki kekuna dubbai, da yawa ma ƙirar Faransa ne, su ka ƙarfafa su da katako da gora, su ka ɗaura sanda a kan keken don juyawa, wata a wurin sirdi don turawa, su ka riƙa ɗora wa ko wane kilo 200 ko fiye, suna tura su da ƙafa dare da rana. Ran 7 ga Mayu 1954 sansanin ya faɗi. Wanda ya ga mai itace ko mai harawa a hanyar Sandamu ya labta wa keke kaya har ba a ganin sirdi, yana tafe a gefe yana turawa, to, dabarar ɗaya ce.

Kada kuma a manta da keken guragu mai ƙafa uku, wanda a ke murzawa da hannu. Masu walda ne su ke haɗa shi da bututun ƙarfe da ƙafafun keke da sarƙa da feda, an ɗauke fedar daga ƙasa an kawo ta gaban ƙirji. A ma'aunin tsohon basukur babu abin da ya kai shi saɓa wa tsari. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan, kuma wannan keke shi ya ɗaga su daga ƙasa ya kai su makaranta da kasuwa da masallaci. Ba a taɓa jin mai hankali ya yi masa ba'a ba.

INDA BA'A BA TA ISA BA

Duk da haka, ba ko wane gyara ne ya cancanci a kare shi ba. Akwai munin da ba ya cutar kowa, akwai wanda ya ke kai mutum asibiti, kuma abin mamaki shi ne masu ba'a sun fi damuwa da na farkon. A yi ta dariyar sirdin buzu, amma ba mai cewa uffan game da keken da ba shi da birki ko ɗaya. Da yawa robar birki ta cinye, sandar ta saki, mai shi ya cire ta gaba ɗaya ya jefar, in zai tsaya sai ya danna silifa a bisa taya ko ya ja ƙafa a ƙasa.

Mu yi lissafi. Jarka mai lita 25, in an cika ta da ruwa, kilo 25 ce. Huɗu kilo 100 ke nan, daidai da babban buhun gero. A ƙara nauyin keken, kimanin kilo 20, da na mahayi, a ce kilo 60, ya zama kilo 180 suna tafe a bisa taya biyu da faɗinsu bai fi yatsa biyu ba. Kuma ƙa'ida ce, in gudu ya ninka biyu, tazarar da a ke bukata kafin a tsaya ta kan ninka huɗu. Silifa ba za ta tsai da wannan ba in akuya ta gitta ko yaro ya fito daga lungu. Ko birkin sanda mai lafiya ma, da damina in rim ya jiƙe, sai ya yi juyi da dama kafin ya kama. Birkin gaba kuwa, wanda mutane su ke tsoro su ke fara cirewa, shi ne ya fi ƙarfin tsayarwa, domin in an ja birki nauyi gaba ya ke komawa.

Walda ita ma tana da nata haɗari. Sandunan keke bututu ne marasa kauri, wajen milimita ɗaya, kuma a tsofaffin kekuna ba walda a ka yi musu ba, cusa su a ka yi cikin mahaɗai a ka zuba narkakkiyar tagulla ta kama. In mai walda ya sa musu wutar lantarki irin wadda ya ke haɗa ƙofar ƙarfe da ita, sai bututun ya ƙone ya yi rauni, wata rana ya tsage a gefen ɗinkin, ba kuwa zai tsage a gida ba sai a ƙarƙashin kaya. Gwanayen masu gyara sun san haka, shi ya sa su ke ɗaura kariya da ƙusa a kan gatarin ƙafar baya da ƙarƙashin sirdi, ba su yarda a like ta a jikin sanda ba. Haka nan in kariya ta yi tsawo ta zarce bayan gatari, kaya su kan rinjayi keken, ƙafar gaba ta yi sakayau, kan ya riƙa rawa. Mafi muni shi ne abin da waɗansu samari su ka fara yi a garuruwan Arewa, na ɗaura wa keke ƙaramin inji. Hikimar abin yabo ce, amma gwafa da rim da birkin da aka ƙera don ƙarfin cinyar mutum ba za su ɗauki gudun babur ba.

Wannan magana ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Da babur ya yawaita, da Keke Napep, an ɗauka keke ya zama na yara da talakawa liƙis. Masana'antar Nottingham ma ta rufe a 2002, kasuwa ta koma hannun Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya da kekunan gwanjo. Amma tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, mutane da yawa sun jingine babur sun shiga ɗakin ajiya sun jawo tsohon keke. Ƙananan ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan tireda sun komo kan feda. Kekunan da su ka yi shekaru a rataye, tsatsa ta ci, su ne a ke faci a na haɗawa da sassan waɗansu, a hau da su titin da yanzu ya cika da manyan motoci masu zuwa kan iyaka a Kongolam. Lasin ɗin En'e da ɗan dokan da ya ke tambayar fitila sun tafi tun tuni, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 kuwa idonta a kan mota da babur ya ke.

Ba mu ce a dawo da lasin ba, talaka ya ishe shi da abin biya. Amma Daura tana da abin da sauran garuruwa ba su da shi. A watan Disamba 1919 ba wanda zai yi mafarkinsa, amma a Disamba 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin, ta kuwa riga ta fara ɗaukar ɗalibai. An kafa ta ne musamman don aikin jirgin ƙasa, tun da hanyar dogo ta Kano zuwa Maraɗi ta nan aka tsara za ta bi. To, ai keken lodi shi ma sufuri ne, shi ne ma wanda ya ke shiga ƙauyukan da dogo ba zai taɓa zuwa ba. Da malaman injiniya za su tura ɗalibansu wurin masu gyara da masu walda, su auna nauyin da kariyar rodi ta ke iya ɗauka kafin ta karye, su fitar da siffa ɗaya mai inganci wadda kowa zai iya kwaikwaya, su kuma nemo birki mai araha da zai tsai da kilo 180 a jiƙaƙƙen rim, da sun yi aikin da za a gani a ƙananan hukumomi biyar na masarautar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018. Hakimai da dagatai suna iya sa a yi shela a wannan rana, masu gyara su taru a bakin kasuwa, duk wanda ya kawo keke a duba masa birki da gwafa kyauta. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Saura maganar dare. Masu dawowa daga kasuwar Mai'aduwa da yawa sai bayan magariba su ke kama hanya, kaya sun rufe bayan keken, babu fitila, babu jan gilashin nan na baya, tufafinsu kuma sun yi ƙura sun saje da duhu. Direban da ya taho a guje ba ya ganinsu sai ya zo dab. A cikin tarkacen da samari su ke ratayawa akwai tsohon faifan CD, wanda dattawa su ka fi tsana, su ke cewa an rataya wa keke murfin kwano. In an ɗaure shi a bayan kaya da zare ya riƙa lilo, hasken mota yana dukansa ya kan yi walƙiya, direba ya hango tun daga nesa ya rage gudu ya kauce.